Ragowar Tuwon Baba

A gidanmu na Rikoto, uba ba ya sharce kwano. Komai yunwarsa sai ya bar 'yar loma a gefe, ya tura wa auta. Ni ce autar, kuma ina ji da wannan matsayi, don tuwon dawar da ya fito daga kwanon Baba ya fi na tukunya daɗi, ko da miyar ɗaya ce.

Ina makarantar sakandare aka ce yana da ciwon suga. Daga nan kwanon ya fara dawowa fes kamar an wanke. Na ji haushi ƙwarai, na ɗauka ya daina sona. Shi kuwa sai ya ture kwanon yana kau da kai, tsohon soja guda yana jin kunyar 'yar ƙaramar yarinya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ina tuwon yake zuwa? Mutum ya tashi da malmala uku, yana ramewa, kuma yana ta leƙen madafa. Na tambayi Gwaggo, ƙanwarsa mai aikin jinya, wata Lahadi da ta biyo bayan coci.

Ta ce wani ɓangaren laifin sugan ne, yana yawo a jini bai shiga inda jiki zai more shi ba. Amma akwai wani abu kuma. Ciki idan ba komai a cikinsa yakan saki wani sinadari a jini ya kira yunwa. Idan abinci ya isa hanji, shi ma hanjin sai ya saki nasa, ya je ya shaida wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Wannan saƙon ba ya sauri, kuma ga wasu masu suga ba ya da ƙarfi.

Na ce, "To Gwaggo, hanji ma magana yake?"

"Yana yi. Ubanki ne ba shi tsayawa shi ji. Mi kika sani game da cin bariki? Kamin a busa usur ya gama."

Baba, da ke zaune yana jinmu, ya murtuke, ya ce shi ba a koya masa cin tuwo da furfura.

Mama ba ta yi musu da shi ba. Magani dai yana sha. Ta koma fara kawo masa wake da kwaɗon zogale, tuwon kuma ya biyo baya a makare, wai wuta ce ba ta ci. Ni aka ɗora wa aikin jansa da hira. Duk lomar da ya kai baki sai na nemi labarin bariki, shi kuma labarin bariki ba ya iya barinsa rabi.

An daɗe ba a ga canji ba. Ran nan yana cikin ba ni labarin wani kofur da ya rasa takalmi a fareti, sai ya dafa cikinsa kamar mai sauraron sallama daga waje.

Ya ce, "Ɗiyata, kamar saƙon ya iso."

Ya turo mini kwanon. Loma ɗaya ce, ta ma huce. Ban taɓa son tuwo mai sanyi ba, amma na cinye ta, har na sharce miyar.