Butar Baba

Duk gidanmu sun ɗauka hutu ne maganin Baba, kuma duk sun yi kuskure. Har da ni, kusan shekara guda.

Tun kafin a haife ni yake tsaye kan injin niƙa a Sabon Gari, ƙurar gari na shigar masa ƙirji. Da tari ya zauna masa, numfashi ya fara yankewa, sai muka shimfiɗa masa tabarma a gindin itacen bedi muka ce kada ya motsa. In ya kalli buta, mutum uku ke zabura. In ya miƙa hannu wajen fura, an riga an kai masa ita baki. Mu a ganinmu ladabi ke nan.

Cinyoyinsa suka zube. Mutumin da ke saɓa buhun gero shi kaɗai ya koma sai ya dafa bango yake miƙewa. Masallacin bakin layinmu, da muke jin tarin liman daga tsakar gida, ya gagare shi zuwa. Wannan ya fi ciwon cin ransa, ko da bai faɗa ba.

Goggo, yayarsa, ta zo daga Tsibiri da ƙullin magani, wai wani abu ya taka. Aka yi ta shafawa. Ƙafa sai ƙara sirancewa take.

Na gaji, na sa shi a adaidaita muka tafi asibiti. Lokotoro, wato likita, ya matsa cinyarsa, ya dube ni.

"Wa ke kawo mashi ruwan alwala?"

"Ni ce," na ce, ina jiran yabo.

"To ki bari."

Ya ce mai irin wannan ciwon huhu naman ƙafarsa da na hannu kan ragu, zama kuma na ƙara cinye shi, sannan ƙafa marar ƙarfi ta fi sa haki. Ya ce Baba ya ci gaba da maganinsa, ya ci abinci, ya riƙa takawa kullum, in ya ji haki ya tsaya ya huta.

Washegari da azahar na cika buta na aje ta can gindin randa.

"Ke! Ubanki ne fa," in ji Inna, mahaifiyata. "Abin da aka koya maki a lakkwal, makarantar taku ta boko, ke nan?"

"Lokotoro ya ce, Inna."

"Shi lokotoron haka yake yi ma nashi uban?"

Baba ya yi dariya har ta zama tari. "Ƙyale ta. Yau sojan gidan ke da mulki."

Ya dafa bedi ya miƙe. Taku huɗu, ya tsaya. Hannuna har ƙaiƙayi yake, na matse shi a hammata. Ya ƙara biyar, kafaɗunsa na hawa da sauka. Saura kaɗan ya kai, Inna ta fizgi butar ta dire masa a gaba, tana hararata. Ya zauna nan inda yake. Na ga sauƙin da ya ji a fuskarsa, kuma shi ya fi ba ni tsoro.

Ban yi gardama ba, na san ba zan ci ba. Na shiga ɗaki na ciro igiyar shanya. Gobe zan ɗaure butar a jikin dirkar rumfa, ƙulli uku, Inna ta zage ni iya son ranta. In ya saba da nan, in maida ta zaure. Daga zaure sai masallaci.