Jirgin Abuja da Sallamar Baba

Faskari

Ƙarfe shida da minti goma, bayan sallar asuba, muka tashi daga Faskari, ni da mahaifina da direbanmu Sale, mutumin Sabuwa. Yanar ido ta rufe wa Baba gani, likita a Abuja kuma ya sa masa ranar aiki washegari da safe. Jirginmu zai bar Katsina sha biyu da kwata. Tsakanin filayen jirgin biyu kusan kilomita ɗari huɗu da hamsin ne, tafiyar awa ɗaya a sama. Daga gida zuwa filin kuwa awa uku da rabi na ƙiyasta.

Ruwan Godiya

Bakwai daidai Baba ya ce a tsaya gidan ƙanwarsa, Hajiya Delu. A wurinsa, wanda zai hau sama a kuma sa masa wuƙa ba ya wuce ɗan'uwa bai nemi gafara ba. Aka dama fura, aka kira maƙwabta. Na ce, "Baba, lokaci."

Ya ce, "Mi kake ma gaggawa? Jirgin nan ai sai ya cika."

Awa ɗaya da minti biyar muka yi.

Yargoje da Ƙanƙara

A Yargoje akwai abokinsa na ƙuruciya, minti arba'in. A Ƙanƙara surukai, da wata ta'aziyya da bai samu zuwa ba tun bara. Sale ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, in haka ne mu biya Sabuwa ka gaida tsohuwata." Baba ya ce da tana kan hanya da ya biya.

Daga nan shingayen jami'an tsaro bakwai muka ratsa, kowanne sai an buɗe but ɗin mota an duba buhun gero da Hajiya Delu ta ɗora mana.

Katsina

Sha biyu da minti biyu muka isa filin jirgi. Ma'aikaciyar da ke duba tikiti ta ce an rufe shiga, wani jirgin sai jibi. Baba ya ce, "Ɗiyata, faɗa ma direban jirgin tsoho ne." Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri." Muna tsaye muka ji tashinsa. Na kira asibitin, suka ce sai bayan wata uku. Na kawo shawarar mu bi mota, Sale ya girgiza kai, ya ce ba zai ratsa hanyar Kaduna cikin duhu ba. Muka ci shinkafa da wake a bakin titi, muka juyo.

Gida

Biyar da rabi muka shigo Faskari. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Sale da bai ƙara cewa komai ba. Baba ya sauko ya tsaya, yana lalube da sanda. Ya ce, "Kama min hannu, ban ga dokin ƙofar ba."