Baba Iro, Maginin da Ya Ƙi Yabon Gidan Ƙanen Matarsa

Idan bazara ta kama a Dogon Dutsi, Baba Iro ba ya komawa gida bayan sallar asuba. Yakan bi lungunan unguwarmu a hankali, kansa a ɗage, yana duba bakin soraye. Ya tsaya nan ya ƙwanƙwasa bango da sanda, ya sunkuya can ya leƙa rariyar da ruwa ke fita daga gida, ya zaro ledojin da suka toshe ta. Daga nan sai ya yi sallama a ƙofa.

"Masu gida, indararonku ya karkace. Ku gyara shi tun hadari bai taso ba."

Wasu su fito su yi godiya. Wasu su bari sai ya wuce su ce tsohon nan ya cika sa ido. Gobe ma za ka gan shi a ƙofar waɗannan ɗin, da fara'arsa, yana tuna musu.

Ni maɗinkiya ce, ƙofar gidanmu na kallon tasa tun ranar da aka kawo ni unguwar ina amarya. Bana 'ya'yansa sun hana shi hawa tsani saboda ciwon gwiwa, bayan shekaru sama da arba'in yana gini da yaɓe. Ba wanda zai tara taro ko ya kira maroƙa don magini ya ajiye aiki. Shi ya sa na ture keken ɗinki gefe na ɗauki alƙalami.

Hannunsa ya taɓa gidaje daga nan har Tibiri. Shi ya yi yaɓen masallacin da samarin 'yan kasuwa na Izala suka gina a bayan tasha, shi ne kuma ya sake rufin ɗakin wata tsohuwa mai bori a Kiyeshe lokacin da gara ta cinye azararta. Bai tambayi kowa aƙidarsa ba, rufin da ke zuba kawai ya tambaya. A bakinsa muka koyi cewa tubali da kaka ake buga shi, tun ruwan tafki bai ƙafe ba, a bar shi ya sha rana sosai. A bakinsa muka ji cewa wanda ya bari sai ruwan farko ya sauka kafin ya nemi mai yaɓe, ya riga ya makara. Abin da ya fi nanatawa kuwa shi ne maganar saye. "Da rani kowane gida lahiya lau yake," in ji shi. "In kana son gida, ka tahi ranar da anka yi ruwa mai yawa, ka tsaya da ƙahwarka ka ga inda ruwan ke bi."

Wannan maganar ce ta kusa raba shi da dangin matarsa.

Wata shekara da rani, Sambo, wani makiyayi daga rugagen wajen Kiyeshe, ya yanke shawarar zama cikin gari. Mahaifiyarsa Hawwa'u ta tsufa, tana buƙatar zama kusa da likita, 'yan matansa kuma yana so su shiga lakwal, wato makarantar boko. Ya sayar da bijimai daga garkensa, abin da makiyayi ba ya yi da wasa. Aka nuna masa wani gida a gangaren unguwa, sabon yaɓe, sabuwar ƙofar ƙarfe. Mai gidan shi ne Sallau, ƙanen Inna Amina, matar Baba Iro. Sallau na son ya sayar ya buɗe shago a bakin titi.

Sambo bai taɓa mallakar gidan ƙasa ba, don haka ya ce sai magini ya duba masa. Da Sallau ya ji Iro za a kira, har dariya ya yi don murna. Ai na gida ne.

Sambo da kansa ya ba ni labarin abin da ya faru. Baba Iro ya shiga, ya zagaya, ya ɗebi yashin tsakar gidan ya murza a hannu. Yashi ne fari mai laushi, irin wanda ruwa ke kwasowa daga gindin dutse. Ya ɗan kankare sabon yaɓen a ƙasan bango, sai ga tsohon shatin ruwa ya kai gwiwar mutum. Ya tsuguna ya duba shatin da kyau. Da ya miƙe, sai ya kalli Sallau.

"Sallau, kai za ka hwaɗa mai, ko ni?"

"Mi zan hwaɗa, Yaya Iro?"

"Ka san abin da nike nuhi."

Sallau ya kau da kai. Sai Baba Iro ya juya ga Sambo. "Malam Sambo, wanga gida bisa hanyar ruwa yake. Shekarar da damina ta yi ƙarhi, ruwa zai shigo maka har ɗaka. Kana da tsohuwa wadda ba ta iya gudu. Ni dai ban ce ka saya ba."

Ciniki ya watse nan take. Kafin la'asar labari ya gama unguwa, kuma daga ranar ba wanda ya sake taya gidan.

Ba ƙaramin abu ya biyo baya ba. Sallau ya daina gaida Baba Iro. Aka yi sunan jikar Baba Iro, dangin Inna Amina suka ƙi zuwa, ina kallon tabarmin da aka shimfiɗa musu har aka naɗe ba wanda ya zauna. Inna Amina ta faɗa mini da bakinta cewa ita ma ta yi fushi da shi. "Na ce mai, da ka yi shiru mana, ka ce ba ka da lahiya, a kira wani. Ya ce, Amina, mutumin nan ya saida shanunsa, ya kuma amince da ni. In na rufe baki, da wace huska zan gaida uwarsa in ɗaki ya hwaɗa mata?"

Bai bar Sambo haka ba. Ya yi ta yawo da shi har suka sami wani ƙaramin gida a kan tudu, tsoho amma mai ƙarfin gindi, ya gyara masa rufinsa kafin ruwa ya sauka. Sallau kuwa, da ya rasa mai saye, ya ci gaba da zama a gidansa da iyalinsa.

Damina ta farko ta zo da sauƙi, ruwa bai shiga gidan ba. Mutane suka fara cewa Iro ya yi wa ƙanen matarsa asara a banza. Ya ji, ya ci gaba da aikinsa.

Ta biyun ce ta zo da ƙarfi. Wata ranar Agusta bayan azahar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, har ba ka ganin gidan da ke gabanka. Ina tsaye a zaure na ga Baba Iro ya fito da diga a kafaɗa, ba ko hula. Inna Amina na kiransa, "Ina za ka? Namu ɗakin ma zuba yake!" Bai waiwayo ba. Ya buga ƙofar Mukhtar da ta Muhammad Awwal, magina biyu da suka koyi aiki a hannunsa, suka gangara tare.

Sun tarar ruwan da ya sauko daga dutse ya cika gidan Sallau, ya rasa mafita, yana ta hawa. Zalihatu matar Sallau tana jego a ɗaka, ta hau kan gado da jaririnta. Sallau na ta kwasar ruwa da bokiti kamar wanda ya ruɗe. Mukhtar ya ce Baba Iro ko sallama bai yi ba.

"Ajiye bokitin nan! Hiddo da mai jego yanzu. Mukhtar, ku zo mu hwasa katangar baya."

"Katangata za ka hwasa?" in ji Sallau.

"Ita ko ɗakin, zaɓi guda."

Suka fasa. Ruwa ya samu hanya ya kwarara kwari. Aka fito da Zalihatu da jariri a lulluɓe, aka kai su gidan Baba Iro. Ba a jima ba bangon ɗakin da ta fito ya zauna, rufin ya biyo shi kan gadon.

Iyalin Sallau a gidan Baba Iro suka ƙarasa daminar. Bai taɓa ce masa "ai na faɗa" ba, Zalihatu ce shaida. Da kaka ta yi, ya tara abokan aikinsa suka sake ginin. Suka ɗaga harsashi da dutse, suka bar wa ruwa hanya mai faɗi ta gefen gida. Duwatsun kuwa Sambo ne ya yi ta jigilarsu da amalanken shanunsa, ba wanda ya roƙe shi. Ranar da aka ɗora azara, Sallau ya riƙe hannun Baba Iro gam a gaban mutane. Baba Iro ya ce, "Sake ni, ƙasa na bushewa."

Baba Iro, kai ne ka yarda dangi su juya maka baya da dai ka cuci baƙon da ya amince da kai. Kai ne kuma ka bar ɗakinka na zuba ka ruga gidan wanda ya daina gaishe ka. Na Amina, gagara ruwa! Mu mutanen Arewa muna alfahari da kai. Tsohuwa Hawwa'u ta yi sauran kwanakinta a ɗaki busasshe, 'yan matan Sambo suna lakwal, ɗan Zalihatu ga shi nan yana gudu a lungu. Duk a hannunka Allah ya sa.

Ku da kuke shirin sayen gida ko fili, ku yi haƙuri har damina ta nuna muku halinsa. Ku da kuke da gida, kada ku jira gajimare. Ku kuma samarin magina da ke aiki da bulo da siminti, sana'ar ta canza, amma har gobe wani zai tsaya gabanku da duk abin da ya tara, ya ce ku duba masa. Ku faɗa masa abin da kuka gani, ko gidan na ɗan'uwanku ne.

Mun gode, Baba. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa ka gama lafiya.

Jiya da hantsi aka aiko daga Tibiri, wata bazawara na son a duba mata gida kafin ta saya. 'Ya'yan Baba Iro suka ce ba zai iya tafiyar ba. Muna nan tsaye sai ga Sallau ya rufe 'yar rumfarsa ta kasuwa, ya zo da babur ya tsaya a ƙofa.

"Hau, Yaya," in ji shi. "Kai ka duba, ni in hwaɗa mata in kunya ta kama ka."

Baba Iro ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya hau, suka tafi.