Sunan Yaya Habibu a Firjin Kurugu

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Habibu, Allah ya jiƙansa, amma har yau in allon kwamfuta ya birkice, gabana faɗuwa yake yi.

Aikinmu ɗaya da shi. Muna kula da firjin allurar rigakafi masu aiki da hasken rana a ƙananan asibitocin ƙauyukan Karaye da Rogo. Kowane firji da 'yar kwamfutarsa. Daga ofis a Rogo muke shiga cikinta ta intanet, baƙin allo ne kawai da rubutu, mu duba sanyi, mu ba da umarni. Ranar da na fara shiga ta Kurugu, na danna maɓallin gogewa, maimakon ya goge sai ya riƙa zubo wasu alamu marasa kan gado. Na hau danne-danne. Yaya ya cafke hannuna.

"Ke Bilki, ɗaga hannu! Ke ce ba kya gani, ita duk abin da kika danna tana ji. Firjin za ki kashe?"

Ashe kwamfutar can ba ta san irin allon da ke gabana ba, sai an gaya mata. Ya gyara saitin a ƙarƙashin sunansa. Bayan rasuwarsa ofis suka bar ni ina shiga da sunan, tunda a nan gyaran yake.

Makon jiya aka rufe sunayen duk waɗanda ba sa aiki. Da yana raye, shi zai fara cewa daidai ne, har ya yi min tsiyar ragwanci. Sai ga waya daga Malama Hadiza, ma'aikaciyar jinya ta Kurugu, wadda aka kawo bara. Firji na kuka, zafi na hawa, gobe kuma ranar rigakafin jarirai.

Na shiga da sunana, allon ya birkice. Wallahi na tsorata. Maɓalli ɗaya in na kuskure, allurar yaran ƙauye guda ta lalace, kuma kafin ɗan acaba ya kai ni can, aikin gama ya gama. Na janye hannu, na yi bismillah. Na rubuta umarnin wanke allo ba tare da ina ganin abin da nake rubutawa ba, na gaya wa kwamfutar irin allona. Rubutu ya dawo garau. Na mayar da firjin kan batir na biyu.

Abin da ya rage min na Yaya ke nan, wannan janye hannun lokacin tsoro. Ban san ya zauna a jikina ba.

Malama Hadiza ta sake kira. "Alhamdulillahi, ya yi shiru. Amma kullum in an shigo daga ofis sunan Malam Habibu nake gani a jikin firjin, yau ban gan shi ba. Lafiya dai? Ki gaishe min da shi."

Bakina ya riga ni. Na ce, "Zai ji."