Tsohon da Ya Bar wa Jikansa Suna

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya san kowane bawa tun ba a raɗa masa suna ba.

Sadok mai gyaran agogo ya zo birnin Salonika daga ƙasar Polan yana saurayi, ya tsufa a birnin bai koyi zama ba. Ko shayi a tsaye yake sha. Sunansa na babban limamin Bani Isra'ila ne na zamanin Annabi Sulaiman, ma'anarsa mai gaskiya. Ya gaje shi daga kakansa da ya rasu, domin mutanensu, Yahudawan Polan, ba sa sa wa jariri sunan mai rai, gudun kada Mala'ikan Mutuwa ya zo ɗaukar tsoho ya ɗauki yaro. Su kuwa Yahudawan Salonika, babu girmamawar da ta kai a yi wa kaka takwara yana raye.

Da 'yarsa Zlata ta haifi ɗa na biyu, mijinta Nisim ya shigo shago yana murmushi. "Baba, albishirinka! Sunanka za mu sa."

Agogo ya suɓuce daga hannun Sadok. "Kai Nisim, jikan nawa za ka miƙa wa mutuwa? Ba ka jin tarin da nake yi?"

"Haba Baba, ai tarin nan ya girme ni. Na riga na faɗa wa dangina. In na fasa, cewa za su yi na raina ka."

Sadok ya yi ta kai da kawo tsakanin shago da bakin teku, ya kasa ci, ya kasa aiki. In ya hana, ya kunyata surukinsa. In ya yarda, ya jefa jariri cikin haɗari.

Ranar kaciya, wadda ita ce ranar suna a wurinsu, Sadok ya tare malamin majami'ar Yahudawa a ƙofa. "Malam, addu'ar nan ta canja wa majiyyaci suna don Mala'ikan Mutuwa ya kasa gane shi, karanta mini."

"Majiyyacin da ya zo da gudu?"

Sadok ya yi tari iya ƙarfinsa. Malam ya girgiza kai, ya karanta, ya raɗa masa Hayim, wato rai.

Aka sa wa yaro Sadok. Daga ranar, ko matarsa ce ta kira shi da sunan dā, tsohon ba ya waiwaye. Duk da haka hankalinsa bai gama kwanciya ba. Yaro na yin atishawa sai ga shi a ƙofar Zlata, yana ɗaga murya domin duk mai saurare ya ji: "Ni ne tsohon! Ni za a nema!"

Shi ɗin aka nema, lokacin da jikan ya fara gemu.

Allah ya ji ƙansa, ya ba shi natsuwar da bai samu a duniya ba.