Yadda Sunana Ya Shiga Jerin Waɗanda Aka Hukunta a Harkar Gini

Ni mutumin wani ƙauye ne a jihar Damagaram. Karatuna bai yi nisa ba, amma tun ina saurayi na iya shafe da jera bulo, kuma a garinmu ba a taɓa kama ni da kayan wani ba. Haka na iso Riyadh da iƙamar lebura, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin wani kafili, ubangidan da ya tsaya mini, mai ƙaramin kamfanin gini da lasisinsa.

Aikin da na ƙware a kai shi ne azal, wato tsare rufin gida daga yoyo. A shafe kankaren da kwalta, a shimfiɗa tabarmar kwalta ana gasa ta da wuta har ta kama, a naɗe ta ta hau jikin bango. Daga nan a toshe indararo, a cika saman gidan da ruwa na 'yan kwanaki. Idan mai gida ya duba silin bai ga damshi ba, sai a sa tayil a rufe. Da kafilina ya ga hannuna, ya bar mini wannan ɓangare, leburori suka koma kirana mu'allim, wato gwanin sana'a.

Cutar ta fara ne da ƙaramin abu. Wata rana tabarma ta ƙare, saura kusurwa ɗaya, ga zafi, ga gajiya. Na shafe wurin da kwalta kawai. Aka zuba ruwan gwaji, bai ɗiga ba. A ranar na gane cewa kwalta sabuwa tana riƙe ruwa na ɗan lokaci, sai zafin bazara ya gasa ta take tsagewa. Na kuma lura cewa mai gida ba ya taka saman gida da rana. A bakin ƙofar bene yake tsayawa, ya leƙa, ya ce masha Allah, ya koma cikin sanyi. Sai na koma shimfiɗa tabarma a gaban ƙofar kaɗai, sauran in sayar a ɓoye. Riyadh kuwa gari ne da ruwan sama ke daɗewa bai zo ba. Kafin ya zo, mun yi nisa.

Wasu sun kai ƙara. A kira kafilina, a ci tararsa, magana ta mutu a cikin ofis. Wanda zai ba mu aiki gobe bai san abin da muka yi jiya ba. Abokina Ilu, mutumin Maraɗi da ke dakon kayan lambu a kasuwar Aziziya, ya sha ja mini kunne idan mun haɗu cin abinci ranar Juma'a. Nakan ce masa ya tsaya ga tumatirinsa.

Sai aka yi wani ruwa mai ƙarfi. A unguwar Shifa akwai gidan wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda na yi wa irin wannan aiki. Ruwa ya ratsa kankare ya taru a kan silin, silin ya rufto wa matarsa tana kan sallaya, ya karya mata kafaɗa. Da masu bincike suka ɗaga tayil, suka tarar da tabarma iya bakin ƙofa. Leburorina suka faɗi gaskiya, har da wurin da nake sayar da sauran. Aka dakatar da lasisin kafilina, ni kuma aka wuce da ni gidan kaso.

Ina can Ilu ya kawo mini ziyara da labari. Ya ce yanzu hukuma tana buga sunayen kamfanonin ginin da aka hukunta, da laifinsu, da wanda ya kula da aikin, kowa yana iya gani a wayarsa. Ya ce ya ga nawa. Wallahi wannan ya fi ɗaurin yi mini ciwo. Na kwana biyu ina jin haushin hukuma. Daga baya na tambayi kaina: da dattijon nan ya ga ƙararrakin da aka riga aka kai a kanmu, zai ba ni rufinsa? Ba zai ba ni ba, kuma da matarsa tana nan da kafaɗarta lafiya. A nan tubana na gaske ya fara.

Dattijon ya yafe haƙƙinsa bayan na aika masa da roƙo ta bakin Ilu. Allah ya sa ba a kore ni daga ƙasar ba, wani ɗan kwangila ya karɓe ni ya zama sabon kafilina bayan na fito. Amma sharaɗinsa shi ne, idan sunana ya hana shi samun aiki, zai sallame ni in koma gida. Ni kuwa ban san da wace fuska zan shiga ƙauyenmu ba. Wasu 'yan'uwa suka ba ni shawara in riƙa laɓewa bayan wani, a rubuta sunansa a matsayin mai kula da aiki, ni in yi. Na ƙi. Na gaji da ɓuya.

Aikin farko da ya zo na wani mai shagon turare ne a unguwar Dira, ana ce masa Abu Nasir, rufin gidansa ne ke yoyo. Muna zaune a shagonsa ya zuba mana gahawa, sabon kafilina yana ta yaba ni. Na ga Abu Nasir ya ɗauki waya zai duba kamfanin. Kafin ya buɗe na ce masa ya rubuta sunana, zai same ni a can. Ya karanta, ya daɗe yana kallona.

"Ya hajj, kai ne ka karya matar mutane, kuma ka zo kana shan gahawata?"

Na ce ni ne. Na ce masa duk hanyar da ake cutar mai gida a saman rufi na san ta, domin na bi ta, kuma idan ya yarda ya hau tare da ni, zan nuna masa. Ya yi dariya ya ce shi bai taɓa ganin ɓarawon da ke tallar kansa ba. Kafilina kamar ya nutse.

Amma ya ba mu aikin, kuma ya hau. Na sa shi ya cire takalmi ya taka kowace kusurwa, ya sa yatsa a inda tabarma ta haɗu da 'yar'uwarta, ya ja gefen da ya hau bango. Kullum sai ya zo yana gumi yana tsokanata, yana cewa ɗan kaso ya mai da shi lebura. Da aka gama ya ce shi ba ruwan tanki zai yarda da shi ba, sai na Allah.

Muka jira har sanyi ya shigo, lokacin da ruwan sama ke zuwa a Riyadh. Ranar da hadari ya haɗu, ruwa ya kece, tituna suka cika, ban jira kira ba, na kama hanyar gidansa. Na same shi yana bin ɗakuna da fitila yana haska silin. Muka bi tare, ɗaki bayan ɗaki, muna shafa bango. Ko ɗigo babu. Ya kama kafaɗata ya ce, "Halas, magana ta ƙare, mu'allim. Gobe ka je gidan ƙanwata."

Daga gidan ƙanwarsa sai na maƙwabcinta. Yau mutane suna nemana ne da cewa a kawo musu tsohon nan da sunansa ke cikin jerin, wanda ke tilasta wa mai gida hawa sama. Ban koma gida da kunya ba. Na je hutu na dawo, kaina a sama. Sunana yana nan inda aka buga shi, ban kuma nemi a goge ba.

Ku matasa da ke shigowa wannan sana'a, ku ji daga wanda ya ɗanɗana. Duk abin da za ku rufe da tayil ko siminti, ku kira mai shi ya gani da idonsa tukuna, ko da bai so. Idan wani ya ce ku ara masa sunanku ya laɓe, ku ƙi. Idan kuma ku ne za ku ba da aiki, ku duba mutum kafin ku miƙa masa gidan da iyalinku za su kwana a ciki. Ni a tsufa na koyi wannan, bayan wata baiwar Allah ta biya da ƙashinta. Ku ku koya tun kuna da ƙarfin hawa bene.