Turmin Baffa Ilu

Ku da kuka san Baffa Ilu, malamin dabbobi na Gagarawa, kun san ba ya ɗaga gizago sai ya naɗe ƙotar da tsumma, ya bi tsumman da robar tayar keke, sannan ya zauna ya huta. Ba gado ya yi ba, sha'awar sassaƙa ce ta kama shi da girma. In an yi masa tsiya sai ya ce, "Itace yana toho. Ka taɓa ganin yatsa ya yi toho?"

Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Da aka sa mini rana, shekarar da aka canza kuɗi, ya tara gida ya ce turmin da zan tafi da shi ɗakin miji shi zai sassaƙa da hannunsa.

Inna Hajara, matarsa, ta ce, "Malam, muciyar da ka fara mini bara fa?"

"Tana nan. Itacen yana shan iska."

Aka kawo gungumen ƙirya daga garin Sule Tankarkar a amalanke. Baffa ya duƙufa wasa gizago, wai dakusasshe ne ke zamewa ya sari mutum. Sai wani ya gaya masa lalle yana hana hannu yin bororo. Wallahi ina tsakar gida Arɗo ya yi sallama, saniyarsa ba lafiya, Baffa ya fita zaure da hannu cikin zungurun lallen Inna.

Arɗo ya dube shi, ya dubi ƙasa. "Malam, ashe kai ne amaryar?"

"Arɗo, me ya sami saniyar?"

A kasuwar Maigatari kuma ya sayo safar hannu, ƙwaya ɗaya, ta hagu. Wai hannun dama shi ke sara, ba shi ake sara ba.

Biki ya matso, gungume yana nan gungumensa. Inna ta ce a sayo na kasuwa kada a ji kunya. Washegari Baffa ya ajiye safa, ya kwance tsumma, wai suna rage masa sauri. Daga asuba har magariba sara kawai muke ji a bayan gida.

Turmi ya fito, a karkace. Har yau sai na tokare shi da dutse nake daka.

Ranar ɗaurin aure bai ba kowa hannu ba, aka ce ai halin Ilu ne. Da na durƙusa yi masa sallama ya dafa kaina, na ga ya cije leɓe. Na juya tafin nasa. Bororo ne ko'ina, duk ya fashe, har nama ya fito.

"Baffa!"

"Ke, rufa mini asiri. Tashi, mota tana jira."

Na yi kuka har Gumel, 'yan rakiya suna yabon amarya mai son gida.

Allah ya jiƙan Baffa Ilu, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya ba shi littafinsa a hannun dama.